Kaciya da lesa: tambayoyi da amsoshi kan jinya bayan an dawo gida

A Kaduna yawancin maza tun suna yara aka yi musu kaciya, wasu a hannun wanzami lokacin sanyi, wasu a asibiti suna jarirai. Shi ya sa babban mutumin da aka yi wa yau ba ya samun wanda zai tambaya, ga kuma kunya. Masu zuwa da girmansu iri-iri ne. Akwai wanda ya musulunta, akwai mai ciwon suga da loɓarsa ta yi ta tsagewa har ta matse, akwai wanda aka bar masa ragowar fata a kaciyar ƙuruciya ya zo gyara. Amsoshin nan na manya ne, na yara yana can ƙasa. Idan likitan da ya yi maka aikin ya faɗi wani abu daban, nasa za ka bi, don shi ya ga ciwon.

An ce mini kaciyar lesa ba ta barin ciwo, kwana biyu an warke. Haka ne?

A'a. Lesa wuƙa ce, sai dai ta haske ce mai zafi. Tana yanka fata tana toshe ƙananan jijiyoyin jini a lokaci guda, shi ya sa jini ba ya zuba sosai a kan gadon aiki, kumburi ma yakan zo da sauƙi a wajen wasu. Iyakar aikinta ke nan. Da an cire loɓa, akwai bakin fata biyu, na waje da na ciki, da dole a haɗa su da zare mai narkewa ko da gam na asibiti. Haɗuwarsu kuwa aikin jiki ne, kuma jiki ba ya ƙara sauri don an biya kuɗi da yawa. Saman ciwon yakan rufe cikin kwana 10 zuwa 14, amma ƙwarin da zai jure ja da gogayya sai wajen sati 6. Da yawa daga masu komawa asibiti da ɗinki a ɓalle a wannan tsakanin suka samu matsala: sun duba sun ga wuri ya bushe, suka ɗauka an gama.

Ka kuma tabbatar da irin aikin da aka yi maka. Akwai wata na'ura da ke matse fatar ta yanke ta, ta bar ƙananan ƙarafa a jere kamar na maƙale takardu, wani lokaci da zoben roba, kuma wasu wuraren ita ma lesa suke kiranta. Idan ƙarafa ka gani, su kan fara zubewa da kansu daga wajen kwana 10 zuwa sati 3. Kada ka ciccire su da farce. Waɗanda suka maƙale har wata guda, likita zai cire.

Me zan yi a ranar farko?

Kada ka hau acaɓa daga asibiti. A samo mota ko Keke Napep, ka zauna a gefen da za ka iya buɗe ƙafa, a kuma roƙi direba ya bi ramuka a hankali. Allurar da aka kashe wurin da ita takan sake bayan awa 2 zuwa 4, wata irin ta kai 6. Ka sha maganin zafi tun kafin ta sake, don zafin da aka tare tun farko ya fi sauƙin kwantarwa a kan wanda ya riga ya taso.

A gida ka kwanta rigingine, gaban yana kallon sama wajen ciki, ba a rataye ba. Idan ya rataya jini da ruwa na taruwa a kai, kumburi ya ƙaru. Ledar fiya wata mai ƙanƙara da aka naɗe cikin tawul mai tsabta tana taimakawa: a ɗora minti 10 a kan bandeji, a ɗauke, a bari awa guda ta wuce. Ƙanƙara kada ta taɓa fata kai tsaye. Abu biyu za ka sa wa ido a ranar, fitsari da launin kan gaba. Idan awa 8 ta wuce ba ka yi fitsari ba alhali kana jin mararka a cike, ko kan ya yi sanyi yana komawa baƙi, mai yiwuwa bandejin ya matse da yawa. Ka sassauta shi nan take, ka koma asibiti ko da tsakar dare ne.

Yaushe ake cire bandeji, kuma yaya ake yi kada ya ɓalle ciwon?

Galibi bayan awa 24 zuwa 48, wasu likitocin kuma sun fi so ka koma su cire da kansu. Idan a gida ne, ka tafasa ruwa rabin lita, wato cikin ledar fiya wata ɗaya, ka zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, ka bar shi ya huce har ya zama ɗumi kaɗan. Wanke hannu da sabulu. Cire filasta na sama, sannan ka riƙa zuba ruwan a kan audugar ciki har ta jiƙe sharkaf. Ba ta minti 10. Za ta saki da kanta. Inda ta maƙale, ƙara ruwa ka jira. Fizgewa na ɗaye ɓawon jinin da ya toshe jijiya, jini ya dawo sabo, wani lokaci har ƙullin zare ya biyo audugar.

Idan fitsari ya jiƙa bandejin kafin lokacinsa ya cika, canza shi ake yi. Jiƙaƙƙen bandeji ya fi rashin bandeji illa.

Fitsari fa, da tsarki?

Raɗaɗi a kwana 2 ko 3 na farko ba abin tsoro ba ne, haka ma idan fitsarin yana fantsama gefe-gefe, kumburin da ke kusa da ƙofar ne ke karkatar da shi. Kada ka rage shan ruwa da rana don gudun zuwa bayi. Fitsarin da ya yi kauri ya yi ja shi ya fi cizo.

Tsugunno mai zurfi a masai yana jan fata, don haka a satin farko ka tsuguna sama-sama kana dafe da bango, ko ka zauna a kan na zama idan akwai. Karkata gaba ƙasa yadda fitsari ba zai gangaro kan ɗinki ba. Wajen tsarki, a ware maka butarka, a riƙa cika ta da tafasasshen ruwan da ya huce. Butar da ke yawo a tsakar gida ko ta bayin masallaci kowa na ajiye ta a ƙasa, ba ta dace da ɗanyen ciwo ba. Zuba ruwa ka bar shi ya gangara, ban da cuɗawa, ban da matsa da tatsa irin wadda aka saba. Sai ka ɗan danna da audugar asibiti mai saƙa ta tsotse laimar. Auduga mai gashi da takardar bayi suna barin ɓurɓushi a bakin ɗinki.

Me zan shafa? Kowa da abin da yake kawo mini.

A nan aka fi ɓata aikin. Abin da ciwon ke so kaɗan ne: wanki da ruwan gishirin nan sau 2 a rana, a busar, a shafa Vaseline kaɗan a kan gaba da kewayen ɗinki don kada ya manne wa wando. A sayi sabon gwangwani a ware, ba wanda yara ke sa yatsa a ciki lokacin hunturu ba. Idan likita ya ba da man shafawa mai kashe ƙwayoyin cuta, shi za a sa a madadinsa. Amma wanda aka haɗa wa fata da gam kada ya kai mai kan layin gam ɗin, don maiƙo na sassauta shi ya ɓare kafin lokaci.

Sifirit, Dettol, Izal da aidin mai ƙarfi suna ƙona sabuwar fatar da ke ƙoƙarin tsirowa, a ga ciwo ya ƙi rufewa a rasa dalili. Shuɗin maganin nan da ake shafa wa ƙurji yana rufe launin wurin, likita ya kasa gane ja daga lafiyayye. Farke kafso a barbaɗa garinsa, wanda ya zama ruwan dare, yana yin dunƙule ya riƙe danshi a ƙarƙashi. Gasa wuri da ruwan zafi yana buɗe jijiyoyin da aka toshe, yana kuma narkar da zare da wuri.

Mafi haɗari su ne toka, ƙasa, garin ganye ko sassaƙe, da kashin dabbobi. Ƙwayar tetanus a cikin ƙasa da kashin dabba take zaune, kuma ciwon da aka cusa wa gari aka toshe masa iska shi ne wurin da take so. Alamarta takan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21: muƙamuƙi ya ƙage, haɗiya ta yi wuya, wuya da baya su sandare. Tana kisa. Wanda bai tabbatar ya yi allurar rigakafinta ba ya faɗa wa likita tun ranar aikin. Bagaruwa da man kaɗanya da zuma suna da gurbinsu a gidajenmu, amma a ɗaga musu ƙafa a wannan wurin har fata ta rufe.

Wane maganin zafi zan sha, kuma nawa?

Farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya 2 duk bayan awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a awa 24. Wannan awon babban mutum ne mai lafiyar hanta. Ka lura cewa yawancin magungunan mura da haɗin da ake ƙulla wa mutum a kemis akwai farasitamol a ciki, sai a ninka ba a sani ba. Idan bai isa ba, ana ƙara ibuprofen miligiram 400 sau 3 a rana bayan cin abinci, na 'yan kwanaki, in likita ya yarda. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, da mai asmar da irin wannan magani ke tayar masa, su bar shi. Ba a haɗa shi da diclofenac, dangi ɗaya ne, illarsu ce kawai ke ninkuwa.

Asfirin yana hana jini daskarewa, kuma Alabukun asfirin ne a cikinsa, don haka a ajiye shi. Wanda dama likitan zuciya ya ɗora shi a kan asfirin ko warfarin kada ya tsayar ko ya ci gaba da ra'ayin kansa, ya tambayi likitan ranar da zai koma shansa. Tramadol ba shi da gurbi a nan sai da takardar likita. Idan an ba ka maganin kashe ƙwayoyin cuta ka shanye shi duka, idan ba a ba ka ba kada ka je ka saya, ba kowace kaciya ke buƙatarsa ba.

Gabana na tashi da dare ina jin kamar ɗinkin zai tsage. Me zan yi?

Wannan ita ce tambayar da aka fi jin nauyin yi, kuma kusan kowa na fama da ita. Lafiyayyen namiji gabansa na miƙewa sau da dama a cikin barci ba tare da sha'awa ba, ya fi yawa gab da asuba lokacin da mara ta cika. Likita ya san da haka, ya bar fatar da za ta isa. Zafi ne dai da ja, da wuya ya ɓalle ɗinki, ko da yake yakan fitar da ɗigon jini.

Sha ruwanka da rana, ka rage daga bayan magariba. Shayin dare a bar shi na sati 2. Yi fitsari kafin ka kwanta, ka kuma sa ƙararrawar waya ta tashe ka sau ɗaya wajen ƙarfe 2 ko 3 ka sake yi. Kwanta a gefe ka naɗe gwiwoyi, hakan na sassauta fata. Idan ya tashe ka, miƙe ka taka a ɗaki, ka yi fitsari, ko ka ɗora abu mai sanyi cikin tsumma a cinya ko mara. Minti kaɗan zai kwanta. Maganin ƙarfin maza kowane iri, na kemis da na gargajiya, a nisance shi har ƙarshen jinya. Mai iyali kuwa, raba shimfiɗa na ɗan lokaci ya fi sauƙi, a yi wa uwargida bayani tun farko kada ta ɗauka wani abu ne.

Miƙewar da ta ƙi kwanciya har awa 4 lamarin gaggawa ne. Mai sikila kada ya jira ta wuce awa 2, don su abin ya fi samu.

Wurin ya kumbura, ya yi shuɗi-shuɗi, ga wani abu rawaya a bakin ɗinkin. Ya ruɓe ne?

Yawanci a'a. Kumburi na kai ƙarshensa a rana ta 2 zuwa ta 4, sannan ya fara sauka. Ya fi taruwa a ƙarƙashin kai, wajen tantanin nan da ke haɗa kai da fata, kuma nan ne ke jinkirin warkewa fiye da ko'ina. Wani zobe mai taushi a bayan kai yana iya ɗaukar sati 4 zuwa 6, a wasu ma watanni, kafin ya baje. Kwanciyar jini na iya gangarowa har jakar maraina ta yi duhu, ta washe da kanta.

Abu mai launin rawaya ko fari-fari da ya manne kamar yana a kan ɗinki ko kan gaba, ba ya wari, ba ya gudu, wannan shimfiɗar da jiki ke yi ce kafin sabuwar fata. Kada a kankare shi. Mugunya daban take: tana da kauri, tana fitowa idan an danna, tana wari, an goge ta dawo, kuma zafin wurin ƙaruwa yake yi. Ma'auni mafi sauƙi shi ne, daga rana ta 4 kowace safiya ta fi ta jiya dama-dama. Ɗaukar hoton wurin da waya kullum a haske ɗaya na taimakawa wajen gane bambanci, a dai sa wa wayar makulli.

Idan jini ya ɓalle fa?

Ɗigo-ɗigo a bandeji ko wando cikin kwanakin farko ba komai. Idan yana tsiyaya, kwanta, naɗa auduga mai tsabta kewaye da wurin, ka riƙe da hannu ka matsa daidai na minti 10 cur, da agogo. Kuskuren da ake yi shi ne ɗagawa kowane minti a leƙa, wanda ke rushe daskarewar da ta fara. Idan bai tsaya ba ka ƙara minti 10. Bayan haka sai asibiti, kana riƙe da wurin a hanya. Haka nan idan gefe ɗaya ya kumbura da sauri ya yi tauri cikin awa ɗaya ko biyu, jini ne ke taruwa a ciki. Kada a ɗaure gaba da roba ko zare don tsayar da jini.

Waɗanne alamu ne ba a kwana da su?

Ban da jini, rashin fitsari da baƙin kai da aka ambata, akwai ja da ke yaɗuwa zuwa gindin gaba ko mara, wari, ɗinki ya buɗe har ana ganin nama, kaluluwa mai zafi a matsematsi, da zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni. Zazzaɓin nan sai an yi hattara, musamman da damina. A garin nan duk zafin jiki maleriya ake kiransa, a sayi magani a sha kwana 3, alhali ciwon ne ya kamu. A yi gwajin maleriya, a kuma buɗe ciwon ma'aikacin lafiya ya gani da idonsa.

Fara neman wanda ya yi maka aikin, shi ya sa ake karɓar lambar waya kafin a bar asibiti. Idan ba a same shi ba, sashen gaggawa na kowane babban asibiti zai karɓe ka: Barau Dikko a tsakiyar gari, Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, Gwamna Awan a Kakuri ga na kudancin gari, na wajen Zariya kuma asibitin koyarwa na Shika.

Jallabiya ko wando?

Mutane kan ɗauka sakin jiki cikin jallabiya ko zani ba komai a ciki shi ne daidai, don haka aka saba gani a wajen 'yan kaciya. Ga babba, idan zai yi tafiya, gajeren wando na auduga mai ɗan kama jiki ya fi, don yana riƙe gaba sama, yana hana shi lilo yana gogar tufa. Sai a ɗora jallabiyar a kai. Idan kana kwance kai kaɗai a ɗaki, buɗe wurin ya sha iska na rabin awa sau 2 a rana, cikin gidan sauro idan akwai ƙuda.

Da zafin Maris da Afrilu gumi ne abokin gaba, a canza wando sau 2 a rana. Da damina wanki ba ya bushewa sosai, a goge shi da dutsen guga kafin a sa. Da hunturu fata na bushewa ta tsattsage, a ƙara yawan shafa mai.

Wanka, salla, da wanda ya yi mafarki?

Kafin a cire bandejin farko, a goge jiki da jiƙaƙƙen tawul. Bayan awa 48 ana iya wanka a tsaye, ruwa ya bi ta kan wurin ya wuce, ban da soso, ban da sabulu mai ƙamshi a kai. Zama cikin baho, iyo ko shiga rafi sai bayan ɗinki ya zube kuma fata ta rufe.

Ruku'u da sujada na matse wurin a kwanakin farko. Addini ya yi rangwame ga mara lafiya ya yi salla a zaune, ya kuma yi taimama idan ruwa zai cutar da shi. Mafarki na iya zuwa, ba laifinka ba ne, kuma ba ya lalata aikin. Ka wanke wurin da ruwan gishiri, ka canza auduga. Game da wankan, malamai sun yi bayanin wanke sauran jiki da shafa a kan bandeji, sai ka nemi malaminku ya fayyace maka. Jinkirta zuwa sallar Juma'a ta satin farko ya fi shiga cunkoso, haka ma doguwar zama a coci ga mai zuwa coci. Mai niyyar azumi kuwa ya shirya lokutan maganinsa da likita.

Yaushe zan koma aiki?

Mai aikin zama, kwana 3 zuwa 7. Tuƙin mota, idan za ka iya taka birki da ƙarfi ba ka ji ya ja ka ba. Mai ɗaukar kaya, birkila, makaniki da manomi su ba shi sati 2. Ɗan acaɓa ma aƙalla sati 2, don zama a wawware a kan tanki mai zafi da girgizar hanya na tayar da kumburi, idan ya koma kuma ya fara da rabin yini. Keke, ƙwallo da gudu, sati 4.

Saduwa da iyali fa? Wani ya ce sati 2 ya isa.

Sati 6, kuma hakan ya haɗa da wasa da hannu. Shi ne wa'adin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ga manyan da aka yi wa kaciya, ba a kuma rage shi don an yi da lesa. Idan sati 6 ya cika akwai sauran ɓawo ko zare ko wuri ɗanye, a ƙara jira. Mai shirin aure ya lissafa wannan kafin a sa rana, wata 2 tsakani ya fi kwanciyar hankali.

A karon farko a bi a hankali, a yi amfani da kwaroron roba da man santsi mai ruwa na kemis, don sabon tabo bai saba da gogayya ba. Vaseline na lalata kwaroron roba. Jin fata ta ɗan ɗaure lokacin miƙewa yana raguwa cikin watanni.

Gwaje-gwajen da aka yi a Afirka ta Kudu, Kenya da Uganda sun nuna kaciya na rage haɗarin namiji ya ɗauki ƙanjamau daga mace da kusan kashi 60 cikin 100, a kansu aka kafa shawarar hukumar ta 2007. Ragi ne, sauran haɗarin yana nan. Kafin ciwo ya warke kuwa ƙofa ce a buɗe, ga mijin da matar duka.

Zaren bai zube ba, ko ɗinki ɗaya ya ɓalle.

Zare mai narkewa yakan fara zubewa daga kwana 10, wani iri ya kai sati 4 ko fiye. Ƙaiƙayi a lokacin alamar warkewa ce. Kada a ja, kada a yanke da reza. Ƙulli ɗaya ko biyu su saki, wurin ya ɗan buɗe kamar ƙwayar shinkafa, yakan cike da kansa daga ƙasa idan ana wankewa. Wanda ya fi haka faɗi likita ya gani.

Ina da ciwon suga. Akwai bambanci?

Sosai. Suga mai yawa na rage wa jini ƙarfin yaƙar ƙwayoyin cuta, kuma fitsarin mai suga abinci ne a gare su, ga shi yana bi ta bakin ciwon sau da yawa a rana. A riƙa gwadawa kullum, a yi ƙoƙari kada ya haura 10 a ma'auni bayan cin abinci, ko 180 a na'urar da ke ƙirga da ɗaruruwa. Kada a tsallake magani. Ja ko wari kaɗan a wajen mai suga ba a jira da shi zuwa gobe, don cutar kan yaɗu da sauri a wannan sashen jiki. Wanda aka yi wa kaciya saboda loɓa na yawan kumbura da tsagewa, bai kuma taɓa gwada suga ba, ya gwada. Taba sigari da shisha na tsuke ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da bakin fata, a bar su ko da na sati 6 ɗin ne.

Akwai abincin da aka hana?

Babu. Wasu kan ce ƙwai ko gyaɗa na sa ciwo ruwa, alhali su ne kayan ginin sabuwar fata, tare da wake, awara, kifi da nama. Kajin da ake yanka wa 'yan kaciya tun da can hikima ce. A haɗa da zogale, gwanda da lemo don kada ciki ya ɗaure, yunƙuri a bayi na tayar da jini.

Idan yaro ne aka yi wa?

Wanki da mai iri ɗaya ne. Jariri a shafa masa Vaseline a duk canjin kunzugu, a ɗaura shi sako-sako, a canza da zarar ya jiƙe. Kashi ya taɓa wurin, a zuba ruwan ɗumi a wanke. Farasitamol na yara da nauyi ake auna shi, miligiram 15 ga kowane kilo duk awa 6, don haka a auna yaron, a yi amfani da sirinji ko murfin awo, ba cokalin gida ba. Jariri ɗan ƙasa da wata 3 sai da izinin likita. Ba a ba yaro asfirin.

Jinin jariri kaɗan ne. Tabon jini a kunzugu da ya fi faɗin murfin kwalbar lemo ya isa a tafi asibiti, haka idan awa 8 ta wuce kunzugu a bushe, ko ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi. Idan a dangin uwa akwai mazan da jini ke wuyar tsaya musu, a faɗa kafin a taɓa yaron. Ɗan shekara 6 ko 7 kuma a yanke masa farce, a hana shi wasan ƙasa da hawa keke na sati 2 zuwa 3. Jariri mai ƙiba fatarsa kan zamo ta manne da kai bayan an warke, a tambayi ma'aikaciyar jinya ta nuna wa uwa yadda ake ɗan tura ta baya lokacin wanka.

Kan gaban na yi mini zafi ko wando ya taɓa, tabon kuma ya yi tudu. Haka zai zauna?

Kan da ya yi shekaru a rufe bai saba da iska da tufa ba, shi ya sa ko zaren riga ya shafe shi sai ka zabura. Yakan yi sauƙi cikin sati 2 zuwa 4, wani lokaci har ya ɗan yi saɓa. Mai da wando mai riƙewa su ne maganinsa. Tabon kuwa ja ne da tauri a farko, da ƙananan tudu a gurbin kowane ɗinki, yana laushi yana bajewa cikin wata 3 zuwa 6, launinsa na iya ɗaukar shekara kafin ya daidaita. Bayan sati 6, murza shi a hankali da ɗan mai na minti 2 kullum na taimakawa. A koma wajen likita idan tabon girma yake yi maimakon raguwa, ko gaba na lanƙwasa da zafi lokacin miƙewa, ko fitsari ya koma siriri kamar zare sai an yi yunƙuri, don ƙofar fitsari kan tsuke bayan watanni kuma ana buɗe ta da ƙaramin aiki.